Takalmin Auta a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ambata. Mu nan sai godiya. Inna tana nan tana fama da gwiwoyinta, kullum sai ta tambaya ko an yi ruwa a wajenku, don shekara tara ke nan ba ta ga ɗigo ya faɗo daga sama ba. Na san jirgi wata bakwai yake yi kafin ya iso muku, kuma na san takardar Gwaggo ta riga tawa tafiya. Shi ya sa na zauna in ba ka labarin da kaina, kada ka yanke wa 'yarka hukunci da jin bakin mutum ɗaya, balle bakin Gwaggo da ba ya rasa gishiri.

Ka tuna na gaya maka a wannan duniyar babu iskar shaƙa a waje. Kowace unguwa tana cikin rumfarta ta gilashi, tsakanin unguwa da unguwa kuma akwai ƙofa mai nauyi, ka ɗora tafin hannunka ta buɗe, bayan daƙiƙa ashirin ta rufe kanta. Amfaninta shi ne idan rumfa ɗaya ta tsage, iskar sauran ba za ta zube ba. 'Yar taka, wato tawa ta fari, wadda gari duka ke kira Mai Ƙofa, ita ke duba ƙofofi goma sha ɗaya na ɓangarenmu. Ka san ban saba yabonta ba, amma yau kunya za ta yi haƙuri.

Wata biyar da suka wuce ƙaninmu Auta ya ɗauki Inna zai kai ta asibiti. Sau biyu a baya ƙofar lungunmu tana kama mata bakin zane, don ba ta iya ƙetarewa da sauri. Sai ya cire takalminsa ɗaya ya tokare ƙofar. Suna wucewa jiri ya ɗebi Inna, ya goya ta ya ruga da ita da takalmi ɗaya, da niyyar ya dawo ya cire. Ba a yi awa ɗaya ba wata tsakuwa ta faɗo daga sama ta tsaga gilashin lungunmu. Da yake ƙofar a buɗe take, iskar gidan renon tsiro da ke ɗaya gefen ita ma ta bi ta fice. Ba a rasa rai ba, amma sanyi ya kashe tsiron wata huɗu, matar da ke renonsu kuma, wadda ta ja ƙofar da hannunta har ta rufe, ta rasa yatsu biyu.

'Yarka ce ta fara isa wurin, ita ta tsinci takalmin. Ba ta buƙaci tambayar kowa ba, don ita ta ɗinke masa maɗaurin da shuɗiyar wayar aikinta. Da yamma muka taru a ɗakin Inna. Gwaggo ta ce a jefa shi a injin shara a huta, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ni ma haka na ce, har da kukana. Yarinyar nan ta saurare mu duka kanta a sunkuye, sannan ta ce idan takalmin ya ɓace za a ce ƙofar ce ta lalace, laifin ya hau kan makanikin da ya gyara ta a makon, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta ce an ba ta ƙofofin ne don mutane su yi numfashi ba tare da fargaba ba, mu ma muna ciki. Da safe ta miƙa rahotonta.

Daga nan muka yi abin da muka sani. Muka tara dattawanmu goma muka tafi gidan matar ba da haƙuri. Ashe mun ƙara ɓata lamarin. Mutanen nan haifaffun nan ne, jikokin waɗanda suka kafa garin, a wurinsu ban haƙuri kafin shari'a toshiyar baki ne, zuwa a gungu kuma barazana. Ko leƙowa ba su yi ba. Muka dawo muna cewa ba su da zuciya, su kuma suna cewa mu mutane ne masu rufa wa laifi bargo. Dokarsu kuma ba ta da kwana: wanda ya tokare ƙofa, a goge hannunsa daga dukkan ƙofofin gari shekara guda, ba mai roƙa masa sassauci. Auta kuwa ƙofa uku ce tsakaninsa da maƙerar da yake aiki, ga matarsa da tsohon ciki.

Ranar shari'a na je zuciyata cike da fushin 'yata. Aka karanta shafin farko na rahoton, takalmi da sunan mai shi, ba ragi ba ƙari. Sai aka juya shafi na biyu, wanda ta ƙara daga baya ba mu san da shi ba. Ashe ranar da na koma da Inna asibiti, yarinyar nan ta laɓe bayan ginshiƙi da agogonta ta auna tafiyarta: daƙiƙa talatin da bakwai kafin ta ƙetare ƙofa. Ta auna sauran tsofaffin ɓangarenmu su shida, ba wanda ya yi ƙasa da talatin. Ta rubuta cewa waɗanda suka kafa garin duk matasa ne, sun yi ƙofofin daidai ƙafarsu, kuma muddin ba a gyara ba wani ɗan zai sake cire takalminsa saboda uwarsa. Hukunci dai bai canza ba, shekara guda. Amma alƙali ya ba da umarnin duk mai sanda, ƙofa ta jira shi daƙiƙa arba'in.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida tasu da ake kira aron hannu: wani zai iya buɗe wa mai laifi ƙofa, da sharaɗin duk abin da ya sake yi a wuyan mai hannun yake. An ce ba a taɓa samun wanda ya ɗauka na shekara cur ba. Kafin alƙali ya rufe baki 'yarka ta miƙe ta ce ta ɗauka. Yau wata biyar, kullum da sassafe tana bakin ƙofar kawunta, ta raka shi ƙofa uku, da yamma ta dawo da shi, ba ta taɓa fashi ba. Makon farko ko kallonta ba ya yi. Yanzu shi ke riƙe mata jakar kayan aiki, yana tsokanarta wai ya samu dogariya kyauta. Matar nan mai renon tsiro ma, da aka gama shari'a, da ƙafarta ta zo gidanmu ta karɓi haƙurin, don a wurinsu sai a lokacin yake da daraja. Na ji kunyar maganganun da na yi a kansu, na kuma ji kunyar 'yar da na haifa ta fi ni sanin daidai.

Saura Inna, kuma saboda ita na rubuto. Tun ranar ba ta amsa gaisuwar jikarta ba, wai ta tozarta mata auta a bainar jama'a. Kullum yarinyar sai ta durƙusa ta gaishe ta, kullum Inna sai ta juya wa bango fuska, ita kuma ta fita tana share ido a ɓoye. Maganarka kaɗai Inna take ji. Kafin amsarka ta iso wata goma sha huɗu sun wuce, hukuncin Auta ya ƙare, amma fushin tsohuwa ba shi da wa'adi, ga shekaru sun ja. Ina tsoron ta tafi da shi. Don Allah ka rubuto mata a jirgin farko.

Jiya dai na raka ta asibiti, ta ƙetare ƙofar nan a hankali da sandarta, ba abin da ya taɓa zanenta. Ta tsaya ta waiwaya ta ce, "Wa ya koya wa ƙofar nan haƙuri?" Na gaya mata. Muka dawo gida. Sai da na shimfiɗa mata ƙafa ina shafa mata magani, ta tambaye ni ko yarinyar nan tana karyawa kafin ta fita da sassafe.

Ka gaishe mini da matarka da yara, da Baba Tela, da Kawu Direba, da Iya ta bayan gida. Maigidana yana gaishe ka, Auta da mai jegonsa ma haka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Uwar Mai Ƙofa