Hoton Auta a Ƙafar Bargo

Zuwa ga angona, jikana na kaina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman gwauranci? Ina fata kana cin abinci, don a hoton da ka aiko mini wuyanka ya zama kamar mariƙin ludayi. Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah, in ka cire gwiwar nan tawa da take ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, kullum kana wurin aiki. Takarda kuwa ba ta katse ni.

Bargon da nake ɗinka wa mahaifiyata Inna ya kankama. Ka san tun da ta koma kwanciya take kukan sanyi, kuma sunayen mutane sun fara kuɓuce mata. Shi ya sa na ce bari in tattara mata zuriyarta wuri guda, ta rufa da su. Na kai hotunansu wurin mai buga hoto a jikin riga, ya buga mini kowanne a kan farin ƙyalle. Ni kuma ina kewaye kowane hoto da yankin tsohuwar tufar mai shi. Naka na kewaye shi da rigar makarantarka, wadda ka ɓata wa aljihu da tawada. Na ma kwaso keken ɗinkina na dasa shi a ɗakin Inna, gindin taga, don ta ce ƙararsa tana sa ta barci.

To sai rigima ta tashi. Kowa so yake a ɗinka shi wajen kai, kusa da ƙirjin tsohuwa, ba mai son wajen ƙafa. Gwaggonka malamar asibiti ta zo da kanta ta auna da tafin hannu ta ga wa ya fi kusa da wuya, ita ko yayarta. Kawunka direba ya ce in aka sa shi a ƙafa to ya gane matsayinsa a gidan nan. Na ce masa matsayinsa na nan, shi ne mai zuwa daidai lokacin da aka sauke tukunya. Kai dai na sa ka a gefen hagu, saitin zuciya, don amarya ba ta wulaƙanta angonta.

Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Gurbi ɗaya ya rage fari fat, na ƙanena Auta, mai shagon taya. Ba ka nan lokacin da abin ya faru, bari in gaya maka. Inna a gidansa take zaune har ranar da santsi ya kwashe ta a banɗaki. Da aka sallame ta daga asibiti muka wuto da ita gidana, tunda nan ba bene. Ba wanda ya ce laifinsa ne, amma shi ya ɗauka mun yanke masa hukuncin ya kasa riƙon uwarsa. Ya rantse ba zai taka gidana ba. Magani yana aikowa, gaisuwa yana aikowa, ƙafarsa ce dai babu. Na aika a karɓo hotonsa, ya ce ba shi da shi. Mutumin da hotonsa ya cika bangon shago!

Inna kuwa ko an buɗe ƙofar kicin sai ta ɗago kai ta tambaya ko Auta ne. Na gaji da ce mata yana hanya.

Ka taya mu da addu'a. Ka gaida abokan aikinka, ban da 'yan matan cikinsu.

Taka har kullum,
Kakarka Mai Keke

*

Zuwa ga angona mai wuyan ludayi,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, na gode, Allah ya yi maka albarka. Ka ce in bi kakanka Auta a hankali. Yaro man kaza! Ni na goya shi, na san inda ake taɓa shi ya yi tsalle.

Ina neman tsofaffin zannuwan Inna a ƙasan akwatinta, don in yi wa bargon shafi, sai ga wani hoto ya faɗo daga cikin ninkin zane. Angona, na yi dariya har na zauna a ƙasa, sai da aka kama ni aka tayar. Auta ne yana ɗan yaro. Ba wando, ciki a gaba kamar tulu, rabin kansa an aske rabi da gashi, don ya tsere wa mai aski ana tsakiyar aiki. Bakinsa a wangame yana tsala kuka, ya ƙanƙame ƙafar Inna da hannu biyu. Mutumin da yanzu ba ya fita sai an goge masa hula an fesa masa turare, yaran shago na rusuna masa!

Washegari na kai wa mai buga hoto, na ce ya ƙara masa girma yadda ko mai ciwon ido zai ga cibiya. Na sa ya buga biyu. Ɗaya na naɗe na ba matar Auta, wadda dama bakinmu ɗaya da ita, na ce ta shimfiɗa masa a kan tiren shayinsa. Na haɗa da saƙo cewa tunda ba shi da hoto, ga wanda na samo masa, kuma a ƙafar bargo zan ɗinka shi, inda duk mai zuwa dubiya zai fara sauke ido. In yana da ja, ya zo ya karɓi ɗayan da hannunsa. Ba a ba ɗan aike.

Matar ta ce shayin ya sarƙe shi. Ya aiko babban yaron shagonsa, na ba shi ruwa ya sha na sallame shi. Ya aiko kawunka direba ya ba ni baki, na nuna wa kawun naka hoton, ya fita yana riƙe da ciki, ya manta abin da ya kawo shi. Daga nan Auta ya kira ni a waya, karo na farko tun barin Inna gidansa, ya ce na tsufa ban san na tsufa ba. Na ce masa na sani sarai, shi ya sa nake sauri.

Kuma gaskiya na faɗa masa. Kai zan gaya wa abin da ban gaya wa kowa ba. Jikin Inna yana ja baya. Abinci sai an lallaɓa, cokali kaɗan ta kau da kai. Shekaranjiya ta dube ni ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai wanki. Na yi dariya a gabanta, na shiga kicin na share hawaye. Sunan Auta kaɗai ne bai kuɓuce mata ba, kuma ina tsoron ranar da zai zo ya tarar shi ma ya tafi. In wannan dabara ba ta ci ba, ba ni da wata.

Na ɗana ƙyallen da allurai a gurbinsa, ban taka keke a kai ba tukuna. Ina jira.

Ka riƙa rufe ƙirjinka in za ka fita da safe.

Amaryarka da ba ta tsufa,
Mai Keke

*

Zuwa ga angona,

Gaisuwa da fatan alheri, ya jiki ya aiki? Ban tsaya jan gaisuwa ba yau, don labari na cina. Ka tashi tsaye ka tafa wa kakarka. Ya zo!

Da hantsi ina zaune a falo ina haɗa shafi sai na ji ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ko gaishe ni bai yi ba, ya tsaya a falo ya miƙo hannu, wai in ba shi abinsa ya tafi, ya bar shago ba kowa. Na ce ai ba ya hannuna, yana jikin bargo, bargo kuma yana jikin mai shi, ya shiga ya cire da kansa. Ya daɗe a bakin ƙofar nan yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa na duƙufa a kan zare kamar ban san Allah ya yi ruwansa ba.

Ya shiga a hankali, ina biye da shi, ya durƙusa wajen ƙafar gado, ya fara zare alluran ɗaya bayan ɗaya don kada ta farka. Ashe idonta biyu. Ta dube shi da farin gemunsa, ba ta gane shi ba, ta tambaye shi ko likita ne. Angona, na ga fuskar ƙanena ta faɗi, har na yi nadamar abin da na ƙulla. Sai ta ga hannunsa a kan hoton. Ta ce wa likita ya bar mata yaronta, autanta ne, tsoron aski yake yi, kuma duk duniya in ya tsorata ƙafarta yake kamawa.

Shi ke nan sai mai shagon taya ya saki allurai, ya kama ƙafafun Inna da hannu biyu ya kifa kai, ya fashe da kuka. Wallahi irin na hoton sak, bakin nan bai canza ba, wando ne kawai ya ƙaru. Inna ta kasa kunne ga kukan. Can sai ta miƙa hannu ta ture hular, ta shafa sanƙonsa, ta kira sunansa. Ta ce ashe dai an ƙarasa askin.

Na fita na ba su wuri. A ranar nan, a hannunsa ta ci abinci, ta kusa cinye kwano.

Da zai tafi na nuna masa ƙyallen na ce ga shi, alkawari ne, ya cire abinsa. Ya harare ni ya ce in ɗinke, tunda yaron hoton ta sani. Na taka keke a kai a gabansa, na bi layi biyu don kada ya sake shawara. Na kewaye shi da yankin zanen da Inna take ɗaure da shi a hoton, don shi ba shi da tufar da zan yanka.

Yanzu bargo ya kammala, ya yi nauyi ya yi kyau, Inna tana bin fuskoki da yatsa, wasu ta gane wasu ta ƙirƙira musu suna. Kai ta ce kai ne mai gyaran rediyo. Masu rigimar wajen kai duk sun yi tsit, don Inna naɗe saman bargon take yi ta tura ƙarƙashin haɓa, gwaggonka da yayarta ba a ganin ko goshinsu.

Ga kuma ribar da ban yi lissafinta ba. Labarin hoton ya zaga dangi, masu dubiya sun ƙaru. Auta ya gano hanya ɗaya ce ta rufa wa kansa asiri, ya zauna a ƙafar gado ya baza riga a kan hoton. Don haka kullum yana nan, ƙafafun Inna a cinyarsa yana matsa mata. In na ga ya fara duba agogo, sai in leƙa taga in ce kamar na ji tsayuwar motar baƙi. Sai ya koma ya zauna.

Ka nemi hutu ka zo ka gani da idonka tun tana gane mai gyaran rediyo. In kuma ka ce aiki ya riƙe ka, ka sani akwatin Inna bai ƙare ba. Na ga hoton wani yaro mai kama da kai a cikin baho yana cin sabulu.

Kakarka mai nasara,
Mai Keke