Sumuntin Ya Riga Ya Bushe

Daren Laraba, garin Tawa

Tun safe muna meri, ofishin magajin gari, kan maganar filin unguwarmu, inda muke sallar gawa. Konseyenmu, wato kansilan da na bi gida-gida ina nema masa ƙuri'a, ya ce, "Baba Idi, ku kwantar da hankali, ba a yanke komai ba. Shawararku muke jira." Har da ni a masu tafi, tsohon banza!

Da la'asar na ratsa filin, sai na yi tuntuɓe da dutsen iyaka, irin na rabon fuloti. Na duƙa na taɓa. Sumuntin ya bushe ƙayau, har ciyawa ta tsiro gefensa.

Yatsana sai zugi yake. In na mutu, ko a ƙofar gidan wa za a sallace ni?