Umma, Na Farke Layar Kaka

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara shida da rasuwarki ban taɓa karya miki alkawari ba sai wannan makon, kuma gara ki ji daga bakina.

Umma, na farke layar.

Jikarki Amira tana kwance a asibiti a nan Kuala Lumpur, wata na biyu ke nan. Ciwon a jini yake, sai an yi mata dashen ɓargo. An gwada ni, an gwada babanta, an gwada su Yaya Sani a Jos, babu wanda ya dace. Likitar ta ce akwai wani gado a jinin yarinyar da ba ta saba gani a wajen mutanenmu ba, ta tambaye ni ko muna da Bature a dangi. Na buɗe baki, sai na ga ko sunan kakana na yanka ban sani ba.

Mahaifinki fa, Umma! Abin da na sani a kansa bai cika tafin hannu ba. Daga ƙasar Suwidin ya zo gyaran injinan haƙar kuza, ya ga Kaka tana sayar da fura a bakin rami, shi ke nan maganar komawa gida ta mutu. Ya musulunta, ya zama Malam Nuhu mai cin tuwo da cokali. Kina shekara huɗu ya rasu. In na matsa da tambaya sai ki ce, "Ke kin cika tone-tone. Mutum ya mutu yana salla, me kuma kike nema?" Na san gorin "'yar Nasara" da kika sha a makaranta ne ya rufe miki baki, ban ga laifinki ba.

Takardar da ya miƙa wa Kaka yana jinya, ita da ba ta yi boko ba ta ɗauka addu'a ce, ta kai wa baduku ya ɗinke a jar fata. Wuyanki ta fara hawa, sannan nawa, sannan na Amira. Ranar da zan taho ƙasar nan kika riƙe hannuna kika ce, "Kada a kuskura a buɗe, in an buɗe ta tashi aiki."

Amma ita kaɗai ce rubutun hannunsa da ya rage mana. Shekaranjiya na sayi reza a kasuwar Chow Kit, na zauna a wani shagon shayi, na farke ɗinkin. Ba addu'a ba ce. Sunansa ne, Nils, da sunan ƙanwarsa, da na ƙauyensu. Adireshi ya bar mana, mu kuma muka yi ta ratayawa a wuya, har zufarmu ta cinye rabin sunan ƙauyen.

Ƙauyuka huɗu na samu a Suwidin da sunansu ya fara da haruffan da suka rage, na rubuta wa cocin kowanne ina neman zuriyar ƙanwarsa. Likita ta ce makonni muke da su, ba watanni ba. Waya na yin ƙara sai in yi wuf in duba. Tsoro nake ji, Umma, irin wanda ban taɓa ji ba.

Da safen nan Amira ta shafa wuyanta ta nemi layarta. Na ajiye takardar a wurina, na ɗinke fatar da baƙin zare na mayar mata, ta damƙe ta yi barci. Ban gaya mata babu komai a ciki ba.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki da na Malam Nuhu, Ya sa wani a can ya buɗe saƙona da wuri, Ya bar mini yarinyata.

'Yarki mai tone-tone,
Bilkisu