Gamja Ba Ta Shiga Ɗaki

Hongcheon, 3 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Hye-ran,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni dai gwiwa ce kawai ke damuna.

Kin san mutanen ƙungiyar ceton dabbobin nan sun kwashe karnukan gonata kaf, na rufe sana'ar sayar wa masu miyar naman kare bayan shekara talatin. Tsohuwar karya ɗaya ce babu mai so, sai na ce su bar mini ita. Na sa mata suna Gamja. Sun sa na yi alkawarin a ɗaki za ta riƙa kwana.

To, ta ƙi shiga. Na dafa romon busasshen kifi na ajiye a bakin ƙofa, ta tsaya nesa tana rawar jiki. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, ga shi tana tari. Na hura wutar ƙarƙashin daɓe har ɗakin ya yi ɗumi, amma a banza.

Ki gaida yara. Mahaifinki,
Gu Man-deok

14 ga Disamba

'Yata,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin jikana? Na ga saƙon maganin gwiwa, na gode.

Maƙwabciyata, tsohuwa Pyo, ta zo ta wanke ni tas. Wai ni tsohon banza ne mai ido kamar ba ido, ban ga takalman roban da nake cirewa a bakin ƙofa ba? Da su nake shiga ɗakin yanka, kuma duk karen da ya bi su bai dawo ba. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, mutum ai a ƙofa yake cire takalmi. Ranar na ƙone su. Na kwana biyu ina murna kamar yaro. Har yau ba ta taka dokin ƙofar ba, tarin kuma ya ƙaru.

Mahaifinki

22 ga Disamba

Hye-ran,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ba na jin daɗi.

Ranar kasuwa na fita na manta ƙofa a buɗe. Da na dawo, Pyo ta tare ni a hanya, ta ce in leƙa ta taga kada in yi motsi. Na ga Gamja a miƙe a kan daɓe, daidai wurin da mahaifiyarki take zama a da, tana barci har da minshari. Ina taɓa ƙofa ta yi waje a guje, ta bar fitsari a baya.

Ashe ba ɗakin take tsoro ba, ba kuma takalmin ba.

Yanzu kullum da hantsi nakan sa rigar sanyi in zauna a tsohuwar rumfar karnuka, in bar mata gidan har yamma. Gwiwata ba za ta kai ƙarshen sanyin nan ba, ƙirjinta ma haka. Don Allah ki zo ki tafi da ita Incheon. Idan kin zo, ki shiga ke kaɗai, ni zan jira a bayan gida.

Mahaifinki mai kewarki,
Gu Man-deok