Matakala Talatin da Huɗu

Litinin, 4 ga Maris
Sun rufe lif ɗin tasharmu. Gyara, wata biyu. Takarda kawai suka manna. Daga inda jirgin ƙarƙashin ƙasa ke tsayawa zuwa bakin titi, inda ake hawan tarago, jirgin da ke bin titi, matakala talatin da huɗu ne. Mijina Kiyoshi yana kan keken guragu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ba taragon, ba asibitin gashin ƙashi.

Laraba, 6 ga Maris
Na je wajen shugaban tasha, Horiuchi. Sai rusunawa. "Ki yi haƙuri, Mama." Na ce haƙurin ne zai goya shi? Wai mu zarce tasha ta gaba, mu dawo a ƙafa. Cikin wannan ƙanƙarar!

Juma'a, 15 ga Maris
Zaman gashi uku ya wuce mu. Hannunsa ya fara ƙagewa. Na ƙona kifi, na ci abina a haka.

Talata, 19 ga Maris
Ma'aikata huɗu suka ɗaga shi da kekensa, jama'a na kallo. Da muka sauka daga tarago ya ce, "Fumie, ni ba buhun shinkafa ba ne. Nan gaba da sanda zan hau."
Na ce idan ka faɗi, wa zai kwashe ka? Ya ce, "Ke dai kin fi son ki riƙa tura ni."
Ni? Wata goma sha ɗaya ina wanke shi!

Laraba, 20 ga Maris
Ban yi masa magana ba.

Litinin, 1 ga Afrilu
Ya hau matakalar da sanda. Minti ashirin da biyar, tarago uku suka wuce mu. Ina bayansa, hannuna a ƙugunsa, yana ta "Sake ni mana." Horiuchi ya tare mutane gefe guda. Ban gode masa ba. Aikinsa ne.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Yau ya ce shi kaɗai zai je. Na ce je ka, ka karye. Na bi shi a ɓoye har tasha, na laɓe bayan injin tikiti. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya, ɗan rainin wayo.
Na dawo gida. Sha ɗaya na safe, ba abin yi. Na haɗa shayi, na zauna na sha da zafinsa.