Gaɓoɓin Muryar Kaka

Zuwa ga Gwaggo Kaltumi, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauwaƙe ciwon gwiwar nan. Mu nan Diffa ƙalau muke. Ruwan Komadugu ya ja baya, Baba yana Geskeru wajen shanyar tattasai.

Gwaggo, kin san tun dawowata daga jami'a na duƙufa ga ƙirƙirar sabon harshe, wanda Babarbare da Bafulatani da Buduma za su furta ba tare da tuntuɓe ba. Na shimfiɗa masa ƙa'idoji masu inganci: baƙaƙe goma sha shida, wasula biyar, kowace gaɓa baƙi ɗaya da wasali ɗaya. Har yau ina ganin tsari ne da ba a taɓa yin irinsa a kwarin nan ba. Domin samun tsarkakakken furuci na zaunar da marigayiya Kaka kwana uku, tana cire hancin tattasai ina ɗaukar muryarta a salula. Duk sanda ta kama labarin ƙuruciyarku, sai in katse ta, in ce sauti nake bukata. Daga baya na yayyanka maganarta gaɓa-gaɓa, na adana ɗari biyu da na zaɓa, na goge sauran.

Da ta rasu kika roƙe ni muryar mahaifiyarki, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Saƙon da na turo miki, inda take kiran sunanki tana sa miki albarka, Kaka ba ta taɓa faɗinsa ba. Ni na harhaɗa shi daga waɗancan gaɓoɓi. 'Yarki Maimuna ta shaida mini kullum bayan asuba kina saurarensa, kuma kin ce yanzu kin tabbata ta tafi tana tuna ki. Tun ranar na kasa buɗe littafin ƙa'idojina.

Na bincike salular kaf. Abu ɗaya ya tsira cikakke, daƙiƙa tara: tana dariya, tana cewa in bar ta ta ƙarasa, labarin Kaltumi ne take ba ni. Ban bar ta ba. Ga shi na turo yadda yake, ban taɓa ko numfashinta ba. Sauran labarin ke kaɗai kika san shi yanzu. In kin yafe mini, ki ba ni shi, ba zan katse ki ba.

Ki gaida Kawu Hamani, da Maimuna, da Juwairiyya.

Ɗanki mai neman gafara,
Maina