Jan Da Garin Auta Ya Kasa Kamawa

Litinin, 3 ga Maris
Aminci ya tabbata gare ka, ya littafina, ma'ajin sirri, abokin da ba ya katse zance. Ka yi mini afuwa da na faɗo maka babu sanarwa bayan doguwar ƙaura. Nauyin zuciya ne ya koro ni. Jami'an muhalli sun ba masaƙarmu wa'adi: ko ruwan da muke zubarwa a rafi ya fita garau kafin ƙarshen wata, ko a rufe sashen rini, da ni da dukan waɗanda ke ci a ƙarƙashina. Wadda aka ɗauko don gyaran kuwa Auta ce, 'yar cikina, da ta karanci kimiyyar sinadarai.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta nuna mana garinta: baƙi wuluk, haɗin gawayin ɓuntun shinkafa da ƙarfe. Ta barbaɗa shi a kwalbar shuɗin ruwa, ta girgiza, ta kara maganaɗisu a gefe. Garin ya ruga ya manne, shuɗin ya bi shi kamar amarya ta bi ango, ruwa ya koma fari tas. Manaja ya tafa. Ni ban tafa ba. Launi nake haɗawa tun kafin a haife ta; yau ga ta tana kwance shi a gabana.

Asabar, 8 ga Maris
Garin ya kama shuɗi, ya kama kore. Jana ya ƙi kamuwa. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Talata, 11 ga Maris
Wannan jan ne ya sa ake kirana Mai Ja. Da shi na rina zanen da mahaifiyar Auta ta tare da shi a gidana. Na taɓa yi masa baiti:
Ja mai kama da fitowar rana,
Ko a rafi kana da kyan kwana.
Yau Auta ta ce ta gwada garin ta kowace hanya, jan ya fi ƙarfinsa. Sai dai a sauya shi da wani mai sauƙin kamu, wanda bai kai shi haske ba. Na ce a nemo wani garin. Ta ce wa'adi ba zai jira ba. Sai ta sunkuyar da kai: "Baba, baitin na da daɗi, amma a rafin nan mata ke wanke kwanukan abinci."

Laraba, 12 ga Maris
Ni da Auta ba mu yi wa juna magana ba. Mahaifiyarta ta ce gara ta zauna da duwatsu biyu da ta zauna da mu, domin su ko ba komai ana niƙa a kansu.

Laraba, 19 ga Maris
Na haɗa sabon jan da hannuna, ban bar wa kowa ba. Koɗaɗɗe ne, kamar wanda ya tashi daga jinya. Garin ya kama shi nan take.

Alhamis, 27 ga Maris
Jami'ai sun ɗebi ruwa, sun auna, sun amince. Sashen rini ya tsira. Da aka tashi aiki na bi ta bakin rafi, don hanyar ta fi kusa ne kawai. Ashe akwai tsakuwoyi a ƙarƙashinsa, farare da ruwan ƙasa. Ban taɓa ganinsu ba. Na daɗe a tsaye. Wasu kalmomi sun zo mini, ba zan kira su baiti ba. Na rubuta, na ajiye wa Auta ƙarƙashin maganaɗisunta, na roƙe ta ta ba ni amsa a rubuce da gaggawa, domin baki da baki ba zan iya ba tukuna.